Yadda Tumbi Ya Jawo wa Jatau Kunya a Gidan Surukai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan'uwa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A cikin cikin wani mutum mai suna Jatau akwai gari guda, Tumbi ne shugaban girkinsa. Duk abin da Jatau ya haɗiye, shi ke dama shi, ya miƙa wa Hanji. A ƙofar Hanji kuwa ma'aikata biyu ke jira. Hanta tana aiko da ruwanta mai ɗaci, wanda take tarawa a matsarmama, shi ke farfasa kitse. Maƙwabcinta Fankiriyas, wani siriri da ke kwance bayan Tumbi, yana zuba nasa ruwan, ya kashe tsamin damun, ya narkar da tuwo da nama da mai.

Ran nan Jatau ya shirya zuwa gaida surukansa. Sai Tumbi ya ce, "Yau girkin manya ne, mutuncin maigida yana hannuna. Ke Hanta, koren ruwan nan naki zai ɓata mini aiki. Kai kuma siriri, wa ya san da zamanka? Ku rufe ƙofofinku."

Hanta ta ce, "Yaya, kitse fa ba ya jin damu."

Ya ce, "Ni za ki koya wa girki?"

Sai suka rufe.

A can aka kai wa Jatau abinci ɗakin baƙi, domin ba a ci a gaban surukai. Aka kawo tuwo da man shanu, ya cinye. Tumbi ya dama, ya tura. Hanji ya ce, "Tsaminsa yana ƙona ni." Aka kawo farfesu. Hanji ya ce, "Man nan ya ƙi shiga jiki." Aka kawo soyayyen kitsen rago. Hanji ya ce, "Ni kam na saki!"

Daidai nan aka kira Jatau zaure ya gaida surukinsa. Ya durƙusa ke nan, sai cikinsa ya yi ƙugi, har tsohon ya leƙa waje ko hadari ne. Jatau ya zabura, ya suri buta, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Sau uku yana dawowa ya durƙusa, sau uku yana rugawa. Ƙannen matarsa suna ta ƙyalƙyala dariya a bayan zana.

Tsohon ya kau da kai, ya ce, "Ɗana, tafi abinka, gaisuwar ta iso."

Tumbi ya ji komai. Ya lallaɓa ƙofar Hanta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ƙanwata, a yi haƙuri, a buɗe."

Ta buɗe, Fankiriyas ma ya buɗe, ciki ya lafa. Da Hanta ta zagi Tumbi ma da ya fi masa sauƙi a kan wannan kunyar.

Jatau ya shekara bai iya taka zauren nan ba. Tumbi kuwa, tun daga ranar, da ya gama aiki sai ya ƙudundune, ya ɓoye fuska, shi ya sa cikinsa duk tamoji ne.

Saboda haka, wanda ba ka ganin aikinsa, kada ka ce ba ya yi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.