Kujerar Sallar Alhaji Yusha'u

Akwai wani malamin motsa jiki a garin Gaya mai suna Yazidu. Yaran lakwal, wato makarantar boko, yake koyarwa, amma da ya ga yadda dattawan unguwa ke fama da ciwon gwiwa da tansiyo, wato hawan jini, sai ya fara tara su da safe a filin bayan tasha, yana nuna musu yadda za su miƙe jiki a hankali. Yawancinsu tsofaffin direbobi ne da 'yan kasuwa, waɗanda zaman mota ya cinye wa ƙafafu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa leƙo filin ba, kuma shi Yazidu ya fi so ya gani. Surukinsa ne, Alhaji Yusha'u, mahaifin matarsa Nasiba.

Alhaji ya tsufa yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Gaya. Da ya ajiye sitiyari, gwiwoyinsa suka sandare har ya kasa durƙusawa. A kan farar kujerar roba yake salla, can ƙarshen sahu. Malamai sun ce sallarsa ta yi, likita kuma ya ce ƙashin bai lalace ba, motsi kawai yake so. Amma Nasiba ta sha gaya wa mijinta cewa abin da ke cin ran Baba shi ne goshinsa ya daɗe bai taɓa ƙasa ba.

Sai dai in aka ɗauko zancen filin a majalisa, Alhaji ya fi kowa dariya. Rawar tsofaffi yake kiran abin. Ya ce shi da ya sha tsallake gadar Malanbil ta bakin iyaka da kaya kamar gida, ba zai tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya kamar zakara ba. Maganar ta kai kunnen Yazidu, ta yi masa zafi ƙwarai, don ba daga bakin bare ta fito ba.

Ya kai kukansa wurin Nasiba. Ita kuwa ko a jikinta.

"Kai ma dai, Mushe," in ji ta, tana kiransa yadda yaran makaranta ke kiran malaminsu. "Baban da ko ruwa ba ya sha a gabanka, shi kake jira ya zo ka riƙe masa hannu yana nishi, kana ce masa tashi, zauna?"

Nan Yazidu ya gane. Ashe ba raini ba ne, kunyar suruki ce tsohon yake rufewa da barkwanci.

Washegari ya gaya wa dattawa cewa rana tana dukan filin bayan tasha da yawa, za su koma gindin wani mangwaro. Mangwaron nan kuwa a jikin katangar gidan Alhaji yake, daidai inda tsohon ke shan iska daga ciki. Dattawa suka yi gunaguninsu, suka ɗauko kujeru suka bi shi.

Daga ranar Yazidu ya koma ɗaga murya kamar mai kiran fasinja. Ya daina nunawa da jiki kaɗai, sai ya fayyace komai da baki: a zauna a bakin kujera, a dafa cinya, a tashi a hankali, a riƙe bango a ɗan lanƙwasa gwiwa. Safiyanu, wani tsohon ɗan kamasho abokin Alhaji tun na samartaka, ya tambaye shi ko ya ɗauka kurame yake koyarwa.

An daɗe babu alamar komai, har Yazidu ya fara tunanin banza yake kashe maƙogwaronsa. Sai wata safiya, yana cewa a tashi, ya ji kujerar roba ta yi ƙara a bayan katanga. Ya ce a zauna, ta sake yi. Daɗi ya cika shi, amma bai ko waiwaya ba.

Ana nan, ran nan sai suka ji faɗuwar abu mai nauyi a cikin gidan. Yazidu ya zabura. Tsalle ɗaya zai kai shi ƙofa, amma ya san idan ya tarar da surukinsa a ƙasa, tsohon ba zai sake gwadawa ba har abada. Ya danne zuciyarsa, ya roƙi Safiyanu ya shiga ya samo musu ruwan sha.

Safiyanu ya jima, ya fito babu ruwa babu moɗa. Ya dubi Yazidu, ya ce tulun lafiya lau yake, ya ɗan karkace ne kawai an gyara masa zama. Yazidu ya juya ga dattawa, ya ɗaga murya fiye da kullum, ya ce duk wanda ya gaji ya riƙe bango, babu mai korar kowa.

Haka aka ci damina a gindin mangwaro. Yazidu da Alhaji ba su taɓa yin zancen ba. Idan Yazidu ya je gaisuwa, ya durƙusa daga nesa, Alhaji ya amsa yana kallon gefe.

Wata Juma'a bayan girbi, Yazidu yana sahun baya ya hango Alhaji ya jingine kujerarsa a bango, ya shiga tsakiyar mutane. Da liman ya yi kabbarar sujada, tsohon ya sauka a hankali, hannu kafin gwiwa, har goshinsa ya zauna a kan tabarma. Bayan sallama ya jima yana goge fuska da rawani.

A waje, Yazidu ya durƙusa gaishe shi kamar kullum. Alhaji ya ƙi kallonsa, ya miƙa wa Safiyanu kujerar.

"Ka ba yaron nan, ko wani cikin 'yan rawarsa yana so," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa: "Ka kuma gaya masa ya rage ihun nan na safe. Mun ji. Allah Ya yi masa albarka."

Darasi: Ba duk wanda ya yi wa taimakonka dariya ba ne ya raina shi, wani kunya ce ta hana shi miƙo hannu. Ka yi haƙuri da dattawanka, ka nemo hanyar da za ka taimake su ba tare da ka sauke musu girma ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila a gidanku ma akwai mai saurare a bayan katanga.