Injiniyan Da Ya Soke Talata

Akwai wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kankia da Kusada, sunansa Zainul Abidin, amma in ka kira shi da wannan suna ba zai waiwayo ba. Sai ka ce Injiniya. Kada ku tambaye ni injin da ya taɓa haɗawa. Ni dai na san ya tafi Abuja da silifas, ya dawo da mota mai baƙin gilashi, tun daga ranar kuma tuwo sai da cokali.

Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, ina da surukai a can.

Ƙauyen nan ba shi da komai sai kasuwa, ita ma ranar Talata kaɗai take ci. Rumfunan kara ne a ƙarƙashin tsamiyoyi. Amma in Talata ta zo, mutanen Mawashi da Kunduru da Fakuwa duk nan suke yin sammako da gero da dawa da gyaɗa da awaki, 'yan sari kuma su jera motoci. Matsalar kasuwar ɗaya ce: wata ƙorama da ke gabas da gari. In damina ta zauna, sai ta raba kasuwar da rabin masu cinta. Shekara da shekaru ana roƙon kwalbati.

To, kun tuna lokacin da aka cire tallafin mai, gidajen rediyo suka cika da gardama. Wasu na cewa kuɗi sun ƙaru a hannun gwamnatoci, wasu na cewa to ina suke? Ana cikin haka wani babba a Abuja ya tuna da ƙauyen, ya ware kuɗin raya kasuwa. Kwangila ta faɗa hannun Injiniya.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Sarkin Kasuwa, wani dattijo mai suna Ɗalha, ya gyara murya ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe za mu ga kwalbati kafin mu mutu."

Injiniya ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Baba Sarki, kwalbati fa ƙarƙashin ƙasa yake. Wa zai taso daga Abuja ya yanke zare a kan rami? Wa zai ɗauki hotonsa? Shaguna zan gina, na bulo, masu ƙofar ƙarfe, a bakin kwalta."

Filin bakin kwaltan gonarsa ce ta gado. Wanda ya sayar da filin da wanda ya ba da shawarar a saya, in kun lura, hula ɗaya suke sawa.

Sannan ya kawo babbar maganar.

"Kuma daga yanzu babu wata Talata. A ƙasashen da suka ci gaba kullum kasuwa ci take. Mu kaɗai muka zauna muna jiran rana ɗaya kamar masu jiran Sallah."

Sai aka ji murya daga cikin zaure.

"Kai Zainu! Mi ka ce?"

Goggo Zuhura ce, ƙanwar mahaifinsa. Ita ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar tun tana da ƙarfinta, kuma da cinikin Talata take riƙe da gida mai cike da jikoki marayu. Ita kaɗai ce a duniya ba ta ce masa Injiniya.

Ta fito tana gyara mayafi ta ce, "Ka san mi ya kafa kasuwag ga? Zamanin gyaɗa, ranar Talata masu sikeli ke zuwa awo. Kakanka nan ya amshi fam da sule. Aka kashe fam aka kawo naira, Talata ba ta motsa ba. Gyaɗa ta mutu, Talata ba ta mutu ba. Aka yi canjin kuɗi muna da ƙuruciya, aka sake yi muna da furfura, takarda ta ɓace har muka koma ba ni gero in ba ka mai. Duk ba a fasa ci ba. Sai kai, da na wanke ma kashi, za ka kashe ta?"

Injiniya ya ɓata rai, don yaransa na wurin.

"Goggo, tattalin arziki ba suyar ƙuli ba ne. Ki bar wa masu ilimi."

"To mai ilimi, da ƙulin ga aka saya maka littafin farko. Allah ya ba da sa'a."

Ta juya ta tafi. Wanda ya san Goggo ya san wannan addu'a ba ta alheri ba ce.

Ba a jima ba katafila ta iso. Ta bi rumfunan nan ta kwantar da su, ta haɗa har da tulunan man Goggo da ba ta kai ga kwashewa ba. Aka sare tsamiyoyi. Aka zagaye tsohon filin da waya, wai za a yi tashar mota ta zamani, don kada wani mai taurin kai ya koma ya zauna.

Shaguna suka tashi, an shafa musu fenti kore da fari. Aka yi bikin buɗewa, aka yanke zare, aka yi hotuna. An ce hasken kyamarori ranar nan har kajin garin sun ɗauka walƙiya ce suka shige akurki.

Daga nan kasuwar kullum ta fara ci. Ko kuwa in ce ta fara azumi.

Mai akuya ya zo Laraba, mahauci ya zo Alhamis. Mai gero ya zo Asabar, mai neman gero ya riga ya zo Juma'a ya koma. Kowa ya zo, amma ba wanda ya tarar da kowa. 'Yan sari kuwa kowace rana ta mako suna da kasuwar da suke ci a wani gari, Talata ce kaɗai rabon ƙauyen nan. Suka zo Talatar farko ba su samu abin cika rabin mota ba, suka zo ta biyu haka, suka ɗauke ƙafa.

Goggo ta zauna a bakin shagunan kullum, ƙuli yana tsufa a faranti. Da can rana ɗaya take ciniki, sauran ranakun ta yi suya da tatsar mai. Yanzu ba suyar, ba cinikin. Ta sayar da tunkiyarta aka ci. Gidan ya koma tuwo sau ɗaya.

Akwai wani Edwin mai kayan babur, mutumin kudu ne amma ya daɗe a Kankia har Katsinanci ya zauna a bakinsa. Shi ya fara kama shago. Wata rana ya tare Injiniya.

"Oga Injiniya, tun safe mutum ɗaya ya shigo mani shago. Shi ma inuwa ya zo sha."

"Ka yi haƙuri, Edwin. Masana sun ce kasuwa ita ke gyara kanta."

"Halan kafin ta gyaru ni na lalace."

Jama'a, a nan dai Injiniya ya faɗi gaskiya. Kasuwa ta gyara kanta. Sai dai ba ta nemi shawararsa ba.

Wata Talata da safe Goggo ta ɗauki farantinta da galan ɗin mai, ta wuce shagunan ko kallonsu ba ta yi ba, ta ƙetare ƙorama, ta zauna a gindin wata tsamiya. Wannan tsallaken kuwa ƙasar ƙauyen maƙwabta ce. Ranar ba ta yi wani ciniki ba, sai dariya da masu wucewa suka yi mata. Talata ta gaba ta koma. Mai daddawa ta bi ta. Fulani masu nono suka gani suka sauke ƙwarya. Mai tsire ya hura wuta.

Sarkin Kasuwa Ɗalha ya kira shugaban 'yan sari a waya ya ce, "Talata ta dawo, amma ta ƙetare ruwa."

Kafin damina ta faɗi, wurin ya cika maƙil. Edwin ya rufe shagon ƙarfe ya kafa tebur a rana yana washe baki. Mai garin tsallake ya yi maraba, don shi faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Injiniya ya zo har bakin ƙorama yana kumfar baki.

"Wannan zagon ƙasa ne! Zan sa a tashe ku!"

Goggo ta ɗaga murya daga can, "Kawo katafilarka! Amma ka fara neman izini, nan ba gonar ubanka ba ce!"

Abin da mutane ba su sani ba, Injiniya ya zuba nasa kuɗin a ciki. Ya sayar da gidansa na Kankia ya ƙara layin shaguna don ya ci haya. Da ya ga babu masu haya, sai ya saye hatsi ya cika shagunan, yana jiran farashi ya hau. Farashi kuwa ya yi ƙasa, ƙwari suka shiga buhuna. Dole ya sayar da sauri. Masu sayen hatsi da yawa haka kuma wuri ɗaya suke taruwa, rana ɗaya. Kun san wurin, kun san ranar.

Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa. Ya loda babbar mota, ya zauna a gaba kusa da direba. Direba ya ga ƙorama ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta wuce ba." Injiniya ya ce, "Ni ne injiniya ko kai?"

Mota ta shiga, ta kai tsakiya, ta zauna kamar an yi mata shimfiɗa. Ruwa ya fara lasar buhunan ƙasa.

Kasuwa ta watse zuwa bakin gaɓa, ba don taimako ba, don kallo. Injiniya ya hau kan buhuna da babbar riga yana ɗaga hannu.

"Jama'a ku taimaka! Dukiyata ce duka a nan!"

Ba wanda ya motsa. Wani ma gyaɗa ya saya ya samu wuri ya zauna.

Sai ga Goggo, mutane na darewa.

"A'a, Zainu ne? Mi kake yi cikin ruwa da manyan kaya?"

"Goggo, don Allah ki sa baki!"

"Yau kowa na bisa sana'a tai. Ka bari sai gobe mana. Ba kai ka ce duk ranaku ɗaya ne ba?"

Dariya ta tashi har tsuntsaye suka bar tsamiya.

"Goggo, na tuba."

"Ban jiya ba, ruwa na ƙara. Yau wace rana?"

"Talata."

"Ɗaga murya, mai ilimi. Mi ake yi ran Talata?"

"Kasuwa, Goggo! Kasuwa ake ci!"

Ta dube shi ta girgiza kai.

"To dubi ƙarƙashin motarka da kyau. Nan ne ramin da ka ce ba ya fita a hoto. Ga shi yau kowa na ɗaukar ka a ciki."

Gaskiya ta faɗa, wayoyi sun fi hannuwa yawa a bakin gaɓar nan.

Sannan ta juya ga majiya ƙarfi ta ce, "Ku fiddo hatsin. Ba don shi ba, don abinci ne, ba ya da laifi."

Aka fitar da abin da ya fitu. Wanda ya jiƙe ya jiƙe, sauran 'yan sari suka saya a yadda suka ga dama. Shi kuma aka bar shi ya tako da ƙafarsa, takalmi a hannu.

Shagunan suna nan har yau, jemagu sun kama haya ba sa biya. Kasuwa ba ta dawo ba, ta zama ta maƙwabta. Kwalbati kuwa ba a yi ba, kuɗinsa sun zama fenti. Duk Talatar damina za ka ga Goggo Zuhura ta tattare zane tana ratsa ruwa da faranti a ka. In ta hango shi a bakin hanya takan ce, "Zainu, yau wace rana?" Shi kuma ya amsa, don ya ga abin da rashin amsawa ke jawowa.

Darasi: Kuɗin jama'a ba na hoto ba ne, na buƙatar jama'a ne, kuma mai buƙata shi ya san inda ke masa ciwo. Kasuwa ba bulo ba ce, haɗuwar mutane ce. Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi dalilin da ya sa ya daɗe a tsaye. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san kwangila ta kusa faɗa wa hannunsa.