Robar Bakin da Ba a Jiƙa Ba

An yi wani mutum a nan unguwarmu ta Park Hill, ɗan zangon Kumasi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina ƙaunarsa. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce ka bai tambayi mutanen gida ba.

Aikinsa a wani wurin koyar da nutso ne. Mutane suna zuwa su ari tabarau da tukunyar iska da robar da ake cusawa a baki a ja numfashi a ƙarƙashin ruwa. In sun fito, shi ke wankewa. Ƙa'idar ita ce ya tsoma robar a bahon maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bar ta ta jiƙu, ya ɗauraye, ya shanya.

To jiran ne ke damunsa, ga jirgin ruwan da yake hawa ya koma gida ba ya jiran kowa. Sai ya koma yin bisimilla, ya ɗauraye sau uku kamar alwala, ya rataye. Abokin aikinsa Sumani ya ce, “Ɗan uwa, wannan ba wanki ba ne.” Ya yi dariya ya ce, “Ruwan da ya isa salla, roba ce zai kasa?”

Ya 'yan uwa, tsarki daban, kashe cuta daban. Kuma kullum manaja ta tambaya, sai ya ce ya jiƙa. Nan zunubin yake.

Wata rana aka ba ma'aikata dama su kawo iyalinsu. Matarsa Mariya ta daɗe tana son ganin yadda ƙarƙashin ruwa yake, har kayan iyo masu rufe jiki ta saya. Manaja da hannunta ta ciro roba ta miƙa mata. Shi kuwa ya gane robar. Wani mai tari ne ya cire ta daga bakinsa da safe.

In ya yi magana, asirinsa ya tonu. Mariya ta dube shi tana murmushi ta ce, “Maigida, kai ka wanke, ko?”

Ya ce, “Ni na wanke.”

Ta sa a baki.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙirji ya riƙe, sai asibiti. Wasu masu koyo ma suka kwanta. Aka bincika, aka sallame shi daga aiki. Mariya ta tashi, alhamdu lillahi, amma ta tattara ta koma gidan yayanta a unguwar Bronx. Ta ce ba ciwon ne ya kore ta ba, kallon da ya yi mata ne yana cewa ya wanke.

'Yan uwana, da yawanmu wanki muke yi a garin nan, kwanon gidan abinci ko zanen gadon tsofaffi. Wanda zai sa abin a bakinsa ko ya kwanta a kai ba ya ganinmu, ya yarda da mu ne kawai. Wannan ita ce amana. Wa zai so a yi wa nasa haka?

Allah ya shirya ɗan uwanmu, ya sanyaya zuciyar Mariya. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda bai gan mu ba. Amin.