Gizo da Tsohuwar Cikin Mota

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo ne ya samu mota akori-kura wajen Kunkuru bakanike. Kunkuru ya ce, "Akwai tukunyar ƙarfe a ƙarƙashinta. Kada ka buɗe."

Kun san Gizo da shisshigi. Ko gari bai bari ba ya buɗe. Sai ga wata tsohuwa ƙanƙanuwa, ba ta da idanu, 'ya'yanta uku suna zagaya ta, haƙoransu na cizon nata. Tana ta kasa ƙarfin motar kamar tuwo: malmala uku ga ƙafafun baya, biyu ga na gaba.

Gizo ya ce, "Iya, ni fa a gaba nake zaune! Wannan ai raini ne."

Ta ce, "Kayan a baya suke, jikana."

Ya ɗora buhunan gero, ya ɗora matarsa Ƙoƙi a kansu, suka kama hanya. Can ya buga ƙasan motar. "A ƙara wa gaba!" Ta ƙara ɗaya.

Aka jima. "A ƙara!" Ta ƙara.

Aka jima. "Duka nake so!" 'Ya'yan nan uku suka yi wata siririyar dariya. Ta ba shi duka biyar.

Rana tsaka suka iso busasshen kogi. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin, don akwai masu hannuwa a ƙarƙashin yashin, kuma duk abin da ya tsaya nasu ne.

A tsakiyar kogin ƙafafun gaba suka yi ta haƙa rami, na baya kuwa ko motsi. Motar ta tsaya. Fararen yatsu suka ɓullo, suka kama bayanta.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ana jan mu!"

Gizo ya ce, "Iya, ba wa baya! Ba su duka!"

Tsohuwa ta ce, "Da me? Ai ka cinye."

Gizo ya yi tsalle ya dira a gaɓa. Yana kallo yashi ya haɗiye buhunan, ya haɗiye Ƙoƙi, har ya shafe sumul kamar ba a taɓa takawa ba. Ni Ƙoƙi nake tausayi, wallahi, ba ta ci ba ba ta sha ba.

To, ku riƙe: in ana rabo, a duba wanda ya fi ɗaukar nauyi, ba wanda ya zauna a gaba ba.

Ƙungurus, can kan ɗan kusu ya faɗi.