Mai Gwaji Na Bakwai

Torben Riedl mutum ne mai ƙoƙari da fara'a, amma yana da hali guda: ba ya iya jiran lokacinsa. Shekara biyar muna ofis ɗaya da shi a kamfanin takalman gudu na garinmu, a kudancin Jamus. Duk ranar da aka yi wa wani ƙarin girma, sai fara'arsa ta gushe har a tashi aiki.

Wadda ta samo masa aikin ita ce Frau Popp, aminiyar marigayiya mahaifiyarsa. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin yankan fata da ƙyalle da ke ƙasan bene, tana fitar da siffar kowane sabon takalmi. Kallo ɗaya take yi wa ƙafar mutum ta faɗi lambar takalminsa.

A kamfaninmu, lamba arba'in da biyu kaɗai ake fara ɗinka samfurin sabon takalmi. Ma'aikata masu wannan ƙafar su ke gwadawa. Takalma kyauta ne a gare su, kuma duk Laraba da rana sukan fita gudu bakin kogi tare da darakta, Herr Dotterweich. Kowa ya san a wannan gudun darakta ke zaɓar mutanensa.

Ƙafar Torben arba'in da uku da rabi ce. Da aka nemi sabon mai gwaji, sai ya rubuta arba'in da biyu.

Na ce masa, "Kai Torben, waɗannan kwale-kwalen naka ne za su shiga arba'in da biyu?"

Ya yi dariya. "Rufa mini asiri, Silke. Wata uku kawai. Da zarar darakta ya riƙe sunana, zan fita."

Na rufa masa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Rahoton masu gwaji ba ya ɗauke da suna, sai lamba, kuma darakta kaɗai ke da jerin sunayen. Torben ne na bakwai. Kowace Laraba yakan dawo yana cije leɓe, ya zauna ya cika shafi uku: gaban takalmin ya matse, yatsu ba sa motsi, farce yana baƙi. Duk gaskiya ne. Dalilin kawai ya ɓoye.

Darakta ya yi ta yabon wannan rahoto, har ya sauka ɗakin yanka da kansa ya ce a faɗaɗa gaban takalmin.

Frau Popp ta ce, "Herr Dotterweich, mutum shida sun ce daidai yake. Shi wannan na bakwan, ƙafar agwagwa gare shi?"

"Shi ya fi kowa lura. A faɗaɗa."

Ta faɗaɗa, ta sa hannu a takardar, kamar yadda ta saba.

Takalmin ya shiga kasuwa a watan Afrilu. A watan ne aka naɗa Torben shugaban sashen gwaji, da ofis mai taga da mota. Kafin Yuli kwalaye suka fara dawowa daga shaguna. Ƙafa tana yawo a cikin takalmin, mutane suna bororo, wasu har da targaɗe. Manya suka nemi wanda ya sa hannu a kan siffar, suka ga sunan Frau Popp. Ba su kore ta ba. Cikin ladabi suka ce ta gaji, ta yi ritaya. Matar da ba a taɓa dawo mata da aiki ba!

Na shiga ofishin Torben na rufe ƙofa. "Tashi ka hau sama wurin manya ka faɗi gaskiya."

"Bari abin ya lafa tukuna, Silke. Don Allah."

Ranar Juma'ar sallamarta muka taru a ɗakin cin abinci, da kek da kofi. Darakta ya yi gajeren jawabi. Da mutane suka fara watsewa, sai Frau Popp ta yafito Torben, ta miƙa masa kwali. Takalmi ne a ciki, ɗinkin hannunta.

Ta ce, "Yarona, wata da watanni ina hango ka ta taga kana ɗingishi. Arba'in da uku da rabi, ko ba haka ba? Ƙafar uwarka ka ɗauko, mai faɗi. Ka daina matse kanka don gayu."

Ina tsaye kusa da su. Torben ya leƙa cikin kwalin. Sannan ya ɗago kai ya ce:

"Frau Popp, ni ne na bakwai."

Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa, sannan ta ɗauki jakarta. Ya miƙa mata kwalin, ta girgiza kai.

"Riƙe abinka. Don ƙafarka na ɗinka shi. Ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ranar Litinin Torben ya hau sama ya faɗi komai, aka sallame shi. Kamfani ya rubuta wa Frau Popp takardar ban haƙuri, ya roƙe ta ta dawo. Ba ta ba da amsa ba. Sau uku Torben yana zuwa ƙofarta da furanni, ba ta buɗe ba. Da sanyi ya shigo ta koma arewa wurin ƙanwarta. Bara na ziyarci Torben, na ga kwalin a kan kabad. Ya ce har yanzu ya kasa sa takalmin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaryar da mutum ya raina don ya hau matsayi da wuri ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Sau da yawa wanda ya riƙe masa hannu tun farko shi take kayarwa. Wanda ya sani ya yi shiru, irina, shi ma yana da nasa laifin. In za ka faɗi gaskiya, faɗe ta tun tana iya ceton wani.