Motar da Ta Ƙi Yi wa Maccido Magana

Akwai wani bakanike a Tambuwal mai suna Maccido, amma direbobi sun fi saninsa da Maccido Kunne. Ku gyara zama, irin wannan labarin ba a kowane shafi ake samunsa ba.

Shi Maccido ba ya buɗe bonet kafin ya san ciwon mota. Yana kan benci yana shan fura, mota za ta wuce kan titin Sakkwato, sai ya karkata kai ya ce, "Fulogi guda ya mutu." A tsayar da motar a duba, a tarar haka ne. Shekara ashirin da bakwai yana wannan abu, kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai dai baiwar ta hau masa kai.

A ƙuryar garejinsa akwai wata ƴar rumfa inda Sirajo rewaya yake zama. Sa'ansa ne, har da furfura a gemu. Aikinsa wayoyin mota: fitila, hon, batir. Idan babu aiki, ya je ya ɗaura wa mutane sola, ya dawo ya duƙufa kan wayarsa ta salula yana kallon yadda ake gyaran sababbin motoci. Maccido bai taɓa kiran sunansa ba. Mai Zare yake ce masa, don a wurinsa wayoyin mota zare ne kawai.

"Mai Zare, kai ma wai gyaran mota kaka yi? Hannunka ko baƙin mai bai sani ba!"

Direbobi su yi dariya. Sirajo ya yi murmushi ya ci gaba da murɗa wayarsa.

Wata safiya Maccido ya tsaya a bakin rumfar ya ce, "Kafin Juma'a ka kwashe zarenka. Wani ramin shiga ƙarƙashin mota nika son ginawa nan, na aikin maza."

Sirajo ya ajiye wayar da ke hannunsa. Shekara goma sha ɗaya yana wurin, a nan masu kawo masa aiki suka san shi. Ya ce, "To, Maigida. Allah shi kai mu."

A daidai wannan lokacin gari ya ɗauka cewa Alhaji Ɗangiwa na Kebbe ya sayo ƙaramar bas da ba ta shan mai. Wai da rana take ƙoshi, daga faifan sola da ya jera a kan ɗakunansa. Masu sayar da fetur a galan suka shiga zullumi. Maccido kuwa dariya ya yi har da buga cinya.

"Motar da ba ta shan mai ai radiyo ce anka sa ma taya. Ku bari ta ɗanɗani hanyar Kebbe."

Ranar Alhamis kuwa ta ɗanɗana. Alhaji ya kira Maccido a waya, ya ce motar ta tsaya cik kusa da Fakku, cike da fasinja, rana tana dukansu.

Maccido ya miƙe yana gyara hula. Ya ce wa direbobin tasha duk mai son kallo ya biyo shi. Sannan ya jefa wa Sirajo jakar sifanu. "Tashi babur ɗinka ka kai ni. Ko ba komi ka yi aikin kirki guda kafin ka tashi."

Sun sha gargada kafin su isa. Motar tana tsaye gefen gonar gero, fara tas, mutanen ƙauye sun yi mata zobe. Direbobi huɗu sun biyo su a kan babura.

Maccido ya ratsa taron yana cewa a ba shi wuri. Ya ɗaga bonet.

Sai ya tsaya.

Babu injin. Babu kafireto, babu fulogi, babu wurin duba baƙin mai. Wasu akwatuna ne kawai masu tsabta kamar kayan asibiti, da wayoyi masu kauri ruwan lemo. Ya leƙa baya, ko salansa babu. Duk abin da ya shekara ashirin da bakwai yana koyo, babu ko ɗaya a cikin motar nan.

Ya ɗora kunne a jikinta. Shiru. Ya sauya kunne. Shiru.

Wata tsohuwa cikin fasinja, Goggo, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, gaisawa kuka yi da ita ko gyara?"

Aka fashe da dariya. Maccido ya janye kunnensa. Ya san idan ya koma Tambuwal bai taɓuka komai ba, sunan Kunne ya mutu a nan, gefen gonar gero, a gaban direbobi huɗu da ba su iya riƙe magana ba.

"A tura ta!" in ji shi.

Alhaji Ɗangiwa ya ce, "Ba ta da kulochi, Maccido. Mi za mu saki in mun tura?"

Dariya ta ƙaru. Zuciya ta ɗebi Maccido, ya zaro babbar sifana ya nufi wayar nan mafi kauri, da nufin ya kwance ta ko don a ga yana aiki.

Kafin ƙarfen ya taɓa ta, wani hannu ya doke nasa, sifanar ta faɗi cikin yashi. Sirajo ne.

"Ni kab buge, Mai Zare?"

"Yi haƙuri, Maigida," in ji Sirajo. "Wutar da ka bin wayag ga ba irin ta batir ɗin da mun ka saba ba ce. Ba ta gargaɗi. Da ka taɓa, ban san mi za mu je mu faɗa ma iyalinka ba."



Sirajo ya nemi izinin Alhaji, ya duƙa ta gefe, ya buɗe wani ɗan murfi. A ciki akwai ƙaramin batir irin na kowace mota. Ya ce shi ne ke tayar da babban batirin da ke jan motar, idan ya yi barci duk motar ta yi barci. Gargadar hanya ce ta girgiza kansa har ya saki. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaure da ƴar sifana mai lamba goma. Ko minti uku bai yi ba.

"Alhaji, danna."

Alhaji ya danna. Babu ƙara, babu hayaƙi, ko girgiza babu.

Maccido ya samu bakin magana. "To, ga shi nan! Ba ta tashi ba. Ni da..."

Bai rufe baki ba motar ta fara tafiya.

Jama'a, mota cike da mutane da buhunan hatsi, tana zamewa kamar kwalekwale a kan ruwa. Ana jin kukan tsuntsaye a gona. Ana jin tsakuwa tana fashewa ƙarƙashin taya. Wani makiyayi da ke tsaye da sandarsa ya ja da baya yana salati, shanunsa kuwa ko kai ba su ɗaga ba. Maccido ya bi ta da ido, baki buɗe, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ashe zan ga wanga zamani."

Direbobi suka fara yi wa Sirajo kirari. Wani ya ce yau an ga wanda zai kwashe kaya ranar Juma'a. Dama ce ta ramuwa ta zo masa har gida.

Amma Sirajo ya ɗaga hannu ya tsayar da Alhaji. Ya ce, "Ni waya nis sani. Da tana tafiya na ji wani abu ƙasa, ban san ko mi ne ba. Maigida, shiga ka saurara muna."

Maccido ya dube shi, yana neman alamar ba'a a fuskarsa. Bai samu ba. Ya shiga gaba ya rufe ido.

Motar ta ja. Tunda yake bai taɓa saurarar mota babu rurin injin ba. Komai ya fito masa fili, kowane ƙarfe da muryarsa. Ba su yi nisa ba ya ɗaga yatsa.

"Tsaya! Tayar gaba ta dama. Noti biyu sun saki, na ukku na bisa hanya."

Aka duba. Noti biyu ana juya su da yatsa. Goggo ta dafe ƙirji, don da sun hau kwalta sun sa gudu, Allah kaɗai ya san inda tayar za ta bar su.

Maccido ya ɗaure su da hannunsa. Da ya miƙe, bai kalli direbobin ba. Ya ɗauki jakar sifanu ya rataya a kafaɗarsa.

"Malam Sirajo," ya ce, karo na farko a shekara goma sha ɗaya, "mu tafi gida."

Ranar Juma'a an rushe rumfar, wannan gaskiya ne. Maccido da kansa ya rushe ta, ya kafa wa Sirajo wata ninki biyu a bakin titi, inda kowa zai gani. Yanzu idan ka wuce da la'asar za ka gan su a benci ɗaya, kai da kai a kan wayar salula, Maccido yana tambaya, Sirajo yana nuna masa da yatsa.

Darasi: Kada gwanintarka ta sa ka raina wanda ke ƙuryar rumfa, don zamani yana sauya injin bai nemi izinin kowa ba, kuma wanda ka kora da safe yana iya riƙe hannunka da rana. In kuma dama ta zo maka, ka ɗaga wanda ya taka ka, kamar yadda Sirajo ya yi. Ku tura wa duk wani Maccido da kuka sani, in ba ku san ko ɗaya ba ku duba madubi kafin ku tura.