Shaidar da Haladu Ya Bayar a Gumel

Akwai wani makiyayi a ƙasar Sule Tankarkar, sunansa Sajo. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya sa ɗansa Hamma a boko, yaron kuma ya fito da kai kamar me. A shekarar 1976 Hamma ya gama sakandare, aka ba shi gurbi a wata kwaleji a Zariya. Sai dai farin da aka yi shekaru uku baya ya cinye garken Sajo, abin da ya rage ba zai kai yaro Zariya ba.

To, a lokacin akwai ƙungiyar zumunta ta masu harkar shanu, daga Maigatari har Gagarawa, suna taro a Gumel. Kowace shekara sukan ɗauki nauyin karatun ɗalibi ɗaya har ya gama. Tsarinsu ba wuya: a karanta sakamakon yara, wanda ya fi shi ne gaba. Sannan wani ɗan ƙungiya ya miƙe ya shaida cewa a ƙasar Gumel aka haifi yaron.

Sajo bai yi dogon tunani ba wajen zaɓen shaida. Ya tafi Ɗanzomo wurin amininsa Haladu, manomi mai ɗan taɓa fataucin shanu.

"Haba Sajo, har sai ka tako?" in ji Haladu. "Hamma ai ɗana ne. Ka je ka kwantar da hankalinka."

Ranar taro da hantsi zauren shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantsoho, ya cika maƙil. Aka karanta sakamako. Hamma na ɗaya. Na biyu kuwa Ubale, ɗan Haladu.

"Wa zai tsaya wa ɗan Sajo?" Alhaji ya tambaya.

Haladu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. Sajo har ya fara murmushi.

"Ranka ya daɗe, ni mutum ne mai tsoron Allah," in ji Haladu. "Yaron nan ba a ƙasar Gumel aka haife shi ba. A ƙetaren iyaka aka haife shi, can wajen Magarya. Da idona na gani, ni na kama ragon sunansa."

Jama'a, ku ji fa! Mai tsoron Allah!

Sajo ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ba rasa tallafin ne ya fi ƙona masa rai ba, a'a, bakin da maganar ta fito. Domin ya san abin da ya kai Haladu Magarya. A shekarar da aka haifi yaran gonar Haladu ba ta yi ba, ya ɗauko matarsa Talatu da tsohon ciki, suka bi Sajo can mashekari, inda ya kai shanunsa kiwo. Sajo ne ya ci da su wata biyar. A bukkar matar Sajo aka haifi Ubale, kwana tara bayan Hamma.

Maganar ta zo masa har baki. Ya dubi Ubale a bakin ƙofa, yaron da ya yi wa huɗuba da kansa, sai ya haɗiye ta. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja.

Alhaji Ɗantsoho ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "To, madalla. Tunda abin ya zama na tsoron Allah, bari mu yi shi sosai. Daga yau uba ne zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a kan inda aka haifi ɗansa. Malam Haladu, tunda ɗanka ne na gaba, bisimilla."

Aka kawo buta. Haladu ya ɗauke ta, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf.

Alhaji ya juya. "Sajo, ko kana da abin faɗi a kan Ubale?"

"Ranka ya daɗe, ba ni aka kira shaidarsa ba."

Wannan amsar ce ta karya Haladu. Ya zauna daɓas, ya ce, "Tare aka haife su. A rugar Sajo."

Zaure ya ɗauki salati. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Ni kaina a ƙetaren aka binne cibiyata," in ji shi. "In za a bi wannan, rabin zauren nan sai su tashi. Mun sa dokar ne don kada baƙon da ba mu sani ba ya shigo, ba don mu kori 'ya'yanmu ba. Hamma ya fi, Hamma za a ba. Kai kuma Haladu, ba ka ƙara tsaya wa kowa shaida a ƙungiyar nan."

Mutane suka yi ta yi wa Sajo barka. Wallahi ko haƙorinsa ba a gani ba.

Bayan kwana biyu da safe, Haladu ya ji kukan shanu a ƙofar gidansa. Ya fito ya tarar da Sajo yana ɗaure saniya uku a turke, shanun da Haladu ya ba Sajo kiwo shekara ashirin, waɗanda ko a cikin fari Sajo bai bari sun mutu ba.

"Sajo, don girman Allah ka tsaya mu yi magana."

"Na yafe maka, Malam Haladu," in ji Sajo, yana ƙara ɗaure igiya. "Amma duba su da kyau, lafiyarsu ƙalau. Ka nemi wani ya riƙe maka."

Ya saɓa sandarsa ya kama hanya, bai waiwayo ba.

Darasi: Gaskiyar da aka faɗa don a kayar da wanda ya amince da kai, cin amana ce ba tsoron Allah ba. Ana iya yafe maka, amma yardar ba ta dawowa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tuna da amininsa kafin ya buɗe baki.